Darasi na Tara: Haɗa Makirfo Mai Bawul da Gyaran Matsalolinsa

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi ana so ɗalibi ya iya:

1. bayyana yadda murya take zama wutar lantarki a cikin makirfo mai bawul;
2. ambaton manyan sassan makirfon da aikin kowanne;
3. bin matakan haɗa shi ba tare da wuta ta ja shi ba;
4. gano inda matsala take da kunne da mita, kafin ya ɗauki ƙarfen dalma.

Daga ina ya samo asali?

Duk wanda ya taɓa buɗe bayan tsohuwar rediyo mai akwatin katako, irin wadda sai ta ɗumama kafin ta yi magana, ya ga wasu 'yan kwalabe a jere, cikinsu ya yi ja kamar garwashi. Su ne bawul. John Ambrose Fleming na Ingila ne ya ƙera na farko a 1904. A 1906 Lee de Forest na Amurka ya ƙara masa sashe na uku, wanda ya ba shi ikon ƙara wa sauti ƙarfi. Shekara goma bayan haka, a 1916, E. C. Wente ya ƙirƙiro makirfo mai aiki da kafasita a kamfanin Western Electric.

Georg Neumann ya kafa kamfaninsa a Balin, ƙasar Jamus, a 1928. Daga hannunsa makirfon U47 ya fito, wanda ya shiga kasuwa a 1949 ɗauke da bawul VF14 na kamfanin Telefunken. Kamfanin AKG na ƙasar Austiriya ya fitar da nasa makirfon, C12, a 1953. Da Telefunken ya daina yin VF14 a ƙarshen shekarun 1950, sai Neumann ya fito da U67 a 1960, mai bawul EF86. Taransisto ya kori bawul daga rediyo da talabijin tuntuni, amma bai iya korarsa daga situdiyo ba, domin masu ɗaukar waƙa suna son kauri da laushin da yake bai wa murya. Tsofaffin makirfon nan sun yi tsadar da ba kowa ke iya taɓawa ba, shi ya sa masu sana'ar hannu a ƙasashe da dama suke haɗa nasu bisa tsohon zanen. Mai gyaran rediyon da ya iya karanta zanen da'ira, hannunsa kuma ba ya rawa wajen liƙin dalma, zai iya wannan aiki.

Kafsul: kunnen makirfo

A saman makirfo, cikin ragar ƙarfe, akwai wani abu mai kama da babban kwabo, faɗinsa kimanin milimita 34. Shi ne kafsul. Abu biyu ne suke fuskantar juna a cikinsa: tantanin roba mai suna Mylar, wanda aka shafa wa zinariya sama-sama, da kuma farantin tagulla mai huji-huji a bayansa. Kaurin tantanin kimanin maikuron 6 ne, wato silin gashin mutum ya ninka shi kusan sau goma. Iskar da ke tsakaninsu ma ba ta wuce kaurin silin gashi ba.

Ana ɗora wa kafsul wuta ta kimanin bolt 60. Idan murya ta daki tantanin, sai ya yi ta matsowa yana ja da baya, kamar yadda fatar kalangu take rawa in an kaɗa ta. Duk motsin da ya yi yana sauya ratar da ke tsakaninsa da farantin, wutar da ke kansa ita ma sai ta riƙa hawa da sauka daidai da muryar.

> Akwatin ma'ana
> Kafasita: ƙarafa biyu masu fuskantar juna ba tare da sun taɓa juna ba, waɗanda ke riƙe wuta a tsakaninsu. Ana auna girmanta da farad. Fikofarad ɗaya kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na farad.
> Kafsul: kafasita ce da gefenta ɗaya ke motsi idan sauti ya taɓa shi. Girmanta yakan kama daga fikofarad 50 zuwa 80.
> Haz: yawan kaɗawar sauti a daƙiƙa ɗaya.

Bawul da aikinsa

Saƙon da kafsul ke fitarwa ba shi da ƙarfin da zai bi doguwar waya. In aka haɗa shi kai tsaye da kebul, ko mita ɗaya ba zai yi ba zai shanye. Dole a sami mai karɓarsa nan kusa, a cikin jikin makirfon, ya ƙarfafa shi. Aikin bawul ke nan.

Bawul kwalba ce da aka zuƙe wa iska. A cikinta akwai zaren ɗumi da ke gasa wani ƙarfe mai suna katod, shi kuma in ya yi zafi sai ya riƙa sakin ƙwayoyin lantarki. Can gefe akwai anod, wanda aka ba wuta mai yawa domin ya janyo su. A tsakaninsu akwai girid, wata 'yar raga ta siririyar waya. Ku ɗauki girid kamar bakin kwarin da mai noman rani ke buɗewa da toshewa: ɗan motsin fartanya kaɗan ne, amma ruwan da ke shiga fangali mai yawa ne. Ɗan ƙaramin saƙon kafsul yana shiga girid, sai ya sarrafa wutar da ke kwarara zuwa anod.

Daga anod saƙon yana bi ta kafasita zuwa ƙaramar taransifoma, wadda ke rage tsayin wutar ta ƙara mata ƙarfin tafiya, yadda za ta iya bin kebul har na'urar haɗa sauti.

Shawarata ga mai koyo ita ce kada ya ɓata kuɗinsa da lokacinsa wajen neman VF14. An daɗe da daina yin sa. EF86 da 12AY7 da 6072 ana samunsu, kuma suna ba da murya mai kyau.

> Akwatin ma'ana
> Zaren ɗumi: wayar da ke gasa katod. EF86 na buƙatar bolt 6.3 da miliamfiya 200. 12AY7 na aiki da bolt 6.3 da miliamfiya 300, ko bolt 12.6 da miliamfiya 150.
> Babbar wuta: wutar da ake bai wa anod. A U47 bolt 105 ce, a U67 bolt 210.
> Rizista: abin da ke tare gudun wuta. Ana auna shi da om.

Tsakanin kafsul da girid

A nan nake so mu daɗe, domin mafi yawan makirfon da aka haɗa a gida a wannan ɗan wuri suke samun matsala, wurin da tsawonsa bai wuce ɗan yatsa ba.

Girid yana buƙatar rizista da zai haɗa shi da layin ƙasa. A rediyo, rizista mai om miliyan ɗaya babba ne. A makirfo kuwa ana sa mai om miliyan 100, wani lokaci har biliyan ɗaya. Dalili shi ne kafsul ƙaramar kafasita ce ƙwarai, kuma idan rizistan ya yi kaɗan sai sauti mai kauri ya zurare ta cikinsa ya ɓace.

*Misali na 1.* Ana gano inda kaurin sauti ke fara raguwa da wannan lissafi: 1 ÷ (6.28 × rizista × kafasita). A ce kafsul ɗinku fikofarad 80 ne. Da rizista mai om biliyan ɗaya, amsa ita ce haz 2. Da mai om miliyan 100, haz 20. Da mai om miliyan 10, haz 200. Gindin muryar namiji baligi yana tsakanin haz 85 da 180. Ke nan wanda ya rasa rizistan da zane ya nuna, ya ce bari ya lallaɓa da mai miliyan 10 da ke cikin gwangwaninsa, ya yanke wa mawaƙi ƙirjinsa. Muryar za ta fito siririya kamar ta wayar tarho.

To, ga inda gizo ke saƙar. Idan hanyar da kuka tanadar wa wuta tana da tsauri har om biliyan ɗaya, duk wata ƙazanta da ke kusa ta zama hanya mai sauƙi. Gumin yatsa hanya ce. Ragowar man dalma da ya daskare a kan allo hanya ce. Ƙurar hunturu da ta kwanta, sannan ta sha laimar watan Agusta, ita ma hanya ce. Wuta tana bi ta nan jefi-jefi, kunne kuma ya ji kamar ana suyar ƙosai a cikin makirfo.

Na taɓa haɗa wani a tsakiyar damina. Kwana uku ina canza bawul, ina zargin kafsul, har na fara tunanin an sayar mini da jabu. Da na haska fitila na duba da madubin ƙara girma, sai ga wani ɗan ɗigon man dalma mai ruwan zuma, bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙale a gindin ƙafar girid. Na goge shi da sifirit, na bar shi ya bushe, makirfo ya yi tsit.

Saboda haka ƙa'idojin wannan wuri ba su da sassauci. Ba a taɓa shi da hannu tsirara, sai da safar hannu ko hantsaki. Ba a liƙa mahaɗar kafsul da girid a kan allon da'ira. Ana ɗaga ta a kan ɗan turke na roba mai suna Teflon, ko a bar ta a iska. Wayar ta zama gajera iya yiwuwa. Bayan liƙi a wanke wurin da sifirit mai suna aisofurofil, mai tsarkin kashi 99 cikin 100, domin mai ruwa da yawa yakan bar laima. Shi kuwa tantanin kafsul, kada sifirit ko auduga ko yatsa ya kusance shi.

Akwatin wuta da kiyaye rai

Makirfon situdiyo na zamani yakan sha bolt 48 daga na'urar haɗa sauti ta cikin kebul ɗinsa. Mai bawul ba ya ƙoshi da wannan. Yana da akwatin wutarsa daban, wanda ke karɓar wutar gida ya fitar da babbar wuta da wutar zaren ɗumi, ya aika su ta kebul mai ƙafafu da yawa, galibi 7.

A cikin akwatin nan wuta takan haura bolt 200, kuma manyan kafasitocinsa suna riƙe ta bayan an zare filogi. Tana iya kisa. Kafin hannu ya shiga, ku zare filogi, ku sauke wutar kafasita ta hanyar rizista mai om 100,000 mai wat 2, ku jira minti ɗaya, sannan ku auna da mita ku tabbatar ta sauka ƙasa da bolt 10. Kada ku gama ƙafafunta da sukundireba. Idan dole ne ku yi awo wuta na kunne, ku maƙala baƙar wayar mita a layin ƙasa, ku yi aiki da hannu ɗaya, ɗayan yana aljihu, takalmi a ƙafa, daɓe kuma a bushe.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, a Nijar 220, duka masu kaɗawa haz 50. Akwatin da ya fito daga Amurka yakan zo a saite a kan 115. Ku duba maɓallin zaɓin wuta kafin ku jona. Gidaje da shaguna da yawa ba su da wayar ƙasa a soket, wannan kuwa haɗari ne ga mawaƙin da leɓensa ke dab da ragar ƙarfe. In da janareta kuke aiki, ku sa sitabilaiza a tsakani.

> Akwatin ma'ana
> Layin ƙasa: mahaɗar da ake auna kowace wuta daga gare ta. Jikin makirfo da ragarsa da garkuwar kebul duk a kansa suke.
> Nauyin gwaji: rizistan da ake sawa a madadin makirfo domin a gwada akwatin wuta shi kaɗai.

Matakan haɗawa

Ƙera jikin makirfo daga farko aiki ne na maƙera da masu injin yankan ƙarfe. Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi makirfo mai bawul mai araha, irin Apex 460, a yi amfani da jikinsa da kebul ɗinsa da akwatin wutarsa, a canza kafsul da bawul da taransifoma.

Da akwatin wuta ake farawa, a gwada shi da nauyin gwaji.

*Misali na 2.* Zaren ɗumin 12AY7 na cin bolt 6.3 da amfiya 0.3. Idan aka raba 6.3 da 0.3 za a sami om 21. Zafin da zai fitar shi ne 6.3 × 0.3, kusan wat 2. Don haka rizista mai om 22 mai wat 5 ya isa ya tsaya a madadin bawul. Da shi za ku saita wutar, kada bawul ɗinku mai tsada ya zama zakaran gwajin dafi.

Daga nan sai allon makirfo: ƙananan rizistoci, kafasitoci, mazaunin bawul, taransifoma. Ku bi ƙafafun kebul ɗaya bayan ɗaya da mita, ku tabbatar babbar wuta ba ta faɗa kan ƙafar zaren ɗumi ba. Kafsul shi ne na ƙarshe. Ya zauna cikin kwalinsa har sai an gama duk wani liƙi da wanki, saboda hayaƙin dalma da fallatsinta.

A ko da yaushe, a jona kebul tukuna sannan a kunna wuta, a kuma kashe wuta kafin a zare kebul. A ba makirfo kamar minti 15 ya ɗumama kafin a yanke masa hukunci.

Idan ya ƙi: saurara, auna, sannan ka taɓa

Babban kuskuren mai koyo shi ne canza kaya barkatai da fatan a dace. Makirfo yana faɗin ciwonsa da irin ƙarar da yake yi.

*Shiru gaba ɗaya.* Ku duba fis, sannan ku leƙa ko zaren ɗumi ya yi ja. Ku auna wutarsa a ƙafar bawul, ba a akwatin wuta ba, domin doguwar kebul tana cin nata kaso: om ɗaya kacal a waya mai ɗauke da amfiya 0.3 zai rage bolt 0.3. Sannan ku auna anod da katod.

*Misali na 3.* Babbar wuta bolt 120 ce, rizistan anod om 100,000, mita ta nuna bolt 70 a anod. Bolt 50 ke nan suka faɗi a rizistan. A raba 50 da 100,000, an sami rabin miliamfiya. Bawul yana aiki. Da a ce mita ta nuna 120 cif a anod, to wuta ba ta kwarara sam: ko bawul ya mutu, ko bai ɗumama ba, ko rizistan katod ya yanke.

*Misali na 4.* Wani ɗalibi ya auna wutar kafsul a bayan rizista mai om biliyan ɗaya, ya ga bolt 0.6 maimakon 60, ya ce ya kama ɓarawo. Ba haka ba ne. Mitar dijital da muke riƙewa tana da om miliyan 10 a cikinta, kuma da ta taɓa wurin sai ta janye wutar: 60 × 10 ÷ 1010 ya ba da kusan 0.6. Kamar mai zura guga ne a idon ruwan da ke tsattsafowa. A auna wannan wuta kafin babban rizistan.

*Gurnani.* Idan mai kauri ne sosai, na haz 50, wutar gida ce ke kutsowa. Galibi ragar ƙarfe ba ta haɗu da layin ƙasa ba, wataƙila fenti ya shiga tsakanin zaren sukurun jiki, ko garkuwar kebul ta tsinke. In gurnanin ya sauya da kuka taɓa jikin makirfo, nan ne. Idan kuwa ya ɗan fi tsini, na haz 100, kafasitocin tace wuta a akwati ne suka gaji ko suka yi kaɗan.

*Ƙarar suya da fashe-fashe.* Ku tuna abin da muka ce game da ƙazanta. Don raba gardama, ku cire wayoyin kafsul, ku sa ƙaramar kafasita mai fikofarad 68 a gurbinsa, ku rufe jikin. In ƙarar ta tafi, kafsul ne mai laifi. In tana nan, ku wanke wajen girid. In har yanzu ba ta daina ba, ku canza bawul. Akwai kuma gwajin numfashi: ku yi wa ragar hucin baki sau ɗaya a hankali. Lafiyayyen kafsul zai ci gaba da aiki. Mai ƙura zai yi tartsatsi, ko ya ɗauke na ɗan lokaci har sai laimar ta bushe. Ku rufe shi a cikin mazubi da ƙunshin silika mai shan laima na kwana biyu. In bai warke ba, a kai wa wanda ya ƙware a kafsul.

*Amo kamar ƙararrawa.* Ku ƙwanƙwasa jikin makirfo da farce. In ya yi amo mai tsawo, ƙarafan cikin bawul ne ke girgiza. Zoben roba mai jure zafi yakan rage shi, amma sau da yawa sai an gwada bawul biyu ko uku kafin a sami mai natsuwa.

*Murya siririya ko ƙasa-ƙasa.* A duba girman rizistan girid, da wutar kafsul, da kuma ko an juya taransifoma baya ta koma gaba.

Bayan an gama aiki da makirfo, a rufe shi da jakarsa tare da silika. A sa masa matarar numfashi a gaban mawaƙi saboda yawu. Tsofaffin injiniyoyi kan rataye shi kai a ƙasa, domin zafin bawul ya tashi sama ya bar kafsul.

Tambayoyin bita

1. Waɗanne abubuwa biyu ne ke cikin kafsul, kuma yaya suke mayar da murya wuta?
2. Me ya sa ake sa bawul a cikin jikin makirfo, ba a akwatin wuta ba?
3. Kafsul mai fikofarad 60 ya haɗu da rizista mai om miliyan 100. A haz nawa kaurin sauti zai fara raguwa?
4. Kawo abubuwa uku da ke buɗe wa wuta ɓarauniyar hanya tsakanin kafsul da girid.
5. Zaren ɗumin EF86 na cin bolt 6.3 da amfiya 0.2. Rizista mai om nawa zai zama nauyin gwajinsa?
6. Babbar wuta bolt 120 ce, anod ma ya nuna 120. Me wannan ke nufi?
7. Yaya ake bambance gurnanin haz 50 da na haz 100, kuma ina ake neman tushen kowanne?
8. Wani mai situdiyo ya kawo makirfon da ke ƙarar suya tun shigowar damina. Bayyana matakan da za ka bi daki-daki.
9. Lissafa abin da za ka yi, a jere, kafin ka sa hannu cikin akwatin wuta.

Ranar aikin hannu kowa ya zo da mitarsa, da rizista mai om 100,000 mai wat 2, da safar hannu. Wanda bai amsa tambaya ta 9 daidai ba, ba zai buɗe akwatin wuta ba.